Yadda Ake Tsara Littattafan Shari'a a Ƙaramin Ɗakin Karatu

A hutun da ya wuce na koma gida Potiskum, sai wani abokin mahaifina, lauya, ya aiko in zo in taya shi gyaran littattafan ofishinsa, don ya ji an ce a kwaleji ana koya mana sha'anin laburare. Na amsa, ina tsammani aikin kwana biyu ne. Ashe mako biyar zan yi. Abin da na koya a can shi nake so in rubuta wa 'yan'uwana ɗalibai, gama ko wanenmu in ya fita aiki, wata rana za a danƙa masa mabuɗin kabad ɗin littattafai, a ce ya san yadda zai yi da su.

Da na isa na gaishe shi, na ce, "Baba, me ya sami littattafan?" Ya ce, "Ɗana, zauna ka ji." Wai wani falken shanu ne ya kawo masa ƙarar bashi, ba shi kuwa da wata hujja sai takardar banki wadda aka buga daga kwamfuta. Ƙaramin lauyan ofis ya ce wa akawu ya ɗauko masa littafin dokar shaida. Akawu ya miƙa hannu ya ɗauko wanda ya fi kusa, ashe tsohon bugu ne. To, a shekarar 2011 an yi sabuwar Dokar Shaida a Nijeriya wadda ta soke ta dā, kuma sashe na 84 ya shimfiɗa sharuɗɗan karɓar takardar da ta fito daga kwamfuta, har da takardar tabbaci mai bayyana yadda aka fitar da ita. Tsohon littafin bai san da wannan ba. Sai da dare, ana gobe shiga kotu, Baba ya lura. Da bai lura ba, da mai yiwuwa ne dukiyar bawan Allah ta salwanta, alhali sabon littafin yana nan cikin ɗakin, a ƙarƙashin tarin jaridu.

Kun ga bambancin littafin shari'a da sauran littattafai ke nan. Littafin lissafi na shekara 30 yana koyar da yaro har gobe, amma doka takan sake, tsohon bugu kuwa ya zama tarko. Ga matakan da muka bi.

Na ɗaya: Rajista

Muka sauke littattafan duka, muka kakkaɓe ƙura, muka ware waɗanda gara ta ci. Sa'an nan muka ba ko wane littafi lambarsa, daga 1 har zuwa na ƙarshe, muka rubuta a babban littafin rajista tare da sunan mawallafi, da sunan littafin, da bugu na nawa ne, da shekara. Ko kwafi biyu ne iri ɗaya, ko wanne da lambarsa. Haka muke yi da rajistar yara a aji: in da Musa biyu, ai ba lamba ɗaya suke da ita ba.

Na biyu: Rarrabawa

Watau a haɗa masu magana ɗaya a kanta ɗaya. Tsarin da muka fi sani a makarantu shi ne na Melvil Dewey, mutumin Amurka, wanda ya fito a 1876. Ya kasa ilimi kashi 10, shari'a ta sami lamba 340: tsarin mulki 342, laifuffuka 345, sha'anin kotuna da ƙa'idodin ƙara 347. Wannan ya isa ga laburaren makaranta, inda littattafan doka ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Amma a ɗakin lauya kusan kome zai taru a 340, lambobin su yi ta tsawo har su ƙi shiga bayan littafi.

Saboda haka wata Baturiyar Ingila, Elizabeth Moys, wadda ta taɓa aiki a laburaren Jami'ar Legas, ta fitar da tsari na musamman don littattafan shari'a a 1968. Dukan alamunsa da harafin K suke farawa. KC na dokokin tsakanin ƙasashe ne, KD na shari'o'in addini, KP kuwa an bar wa ko wace ƙasa ta sa nata. Babbar hikimarsa ita ce ya raba tushen doka da sharhinta. Tushe shi ne dokar kanta da hukuncin manyan kotuna. Sharhi shi ne abin da masana suka rubuta a kansu.

Da wannan muka yi kanta huɗu. Ta fari dokoki: Tsarin Mulki na 1999, da kundin Dokokin Tarayya na 2004, da Penal Code na Jihar Arewa wanda ya fara aiki a 1960, da dokokin Barno, tun da yake daga cikinta aka fitar da Jihar Yobe a 1991. Ta biyu rahotannin hukunci, kamar Nigerian Weekly Law Reports wanda marigayi Gani Fawehinmi ya kafa a 1985. Waɗannan bisa lambar fitowarsu ake jera su, gama da ita lauya yake nemansu. Ta uku littattafan sharhi. Ta huɗu littattafan fiƙihun Malikiyya, irin su Risala da Muhtasar da Tuhfa, waɗanda ake dogara da su a kotunan shari'ar Musulunci. Tsofaffin bugu ba mu zubar ba, don wani lokaci akan nemi sanin yadda doka take a shekarar da abu ya faru. Sai muka manna musu jar takarda, muka ɗora su can sama.

Na uku: Kati

A makarantar mishan inda na yi firamare akwai wani ɗan akwati mai katuna, ko wane littafi da katinsa, an jera su bisa abacada. Littafi ɗaya yakan sami kati uku: na mawallafi, da na suna, da na abin da yake magana a kai. In ka tuna ɗaya daga cikin ukun, ka sami littafinka.

Na huɗu: Kwamfuta

Abin da kwamfuta take yi shi ne aikin akwatin nan, sai dai sau ɗaya za ka rubuta, ka nema ta ko wace fuska. Akwai manhaja mai suna Koha, wadda aka ƙirƙira a ƙasar Niyu Zilan a 1999. Ma'anar sunan a harshen Mawori kyauta, kuma kyauta ake samunta. Tana riƙe bayanin littattafai bisa ƙa'idar MARC, wadda Laburaren Majalisar Amurka ya fito da ita a shekarun 1960. Tana rubuta wanda ya ari littafi da ranar mayarwa, tana karɓar rubutun Larabci, kuma in akwai intanet tana iya ɗebo bayanin littafi daga manyan laburare ta lambar ISBN, wadda ta zama mai alƙaluma 13 tun 2007.

Amma kada a ruɗe mu. Girka Koha sai wanda ya iya. Littattafai da yawa da aka buga a ƙasarmu ba za a same su ta ISBN ba, sai an rubuta da hannu. Wuta kuma takan ɗauke. Don haka mu da Excel muka fara, ko wane littafi da layinsa, muka ƙara gurbi ɗaya wanda ya fi duka amfani: "Dokar tana aiki, ko an soke ta?" Daga baya ana iya juyar da wannan jeri zuwa Koha. Ko wace Jumma'a akawu yakan kwafe shi a filasha, rajistar takarda kuma tana nan. Kwamfuta ba ta gyara hargitsi. In ka zuba mata shi, shi za ta mayar maka.

Ran da zan komo kwaleji Baba ya gwada akawu, ya ce, "Ba ni dokar shaida." Kafin ya gyara zama ta 2011 tana hannunsa, akawu har yana tuna masa an yi mata gyara a 2023.

Aiki don gwaji

1. Ɗauki littattafai 20 na ajinku, ka yi musu rajista.
2. Rubuta kati uku na littafi guda.
3. Duba littattafan tarihi da na ilimin ƙasa na makarantar da kake koyon aiki. Nawa ne har yanzu suke nuna Potiskum cikin Jihar Barno? Me ya kamata a yi da su?

Allah ya sa mu amfana, amin.