Me Ya Sa Jita-jita Ke Gudu a WhatsApp, Shawara Mai Amfani Tana Rarrafe?

Masu riƙe da guruf-guruf na WhatsApp a ƙauyukan Attantané da sauran yankin Mayahi da Tasawa suna yawan kawo kuka iri ɗaya. A tura saƙon murya cewa allurar rigakafi na hana haihuwa, kafin la'asar ya zaga gari. A tura bayanin malamin gona kan irin hatsi mai saurin nuna, kowa ya saurara, ya ce madalla, ba wanda ya shuka. Dalilin yana cikin yadda jama'a suke a haɗe.

Zumuncin waya kashi biyu ne. Akwai curi: dangi, 'yan fada ɗaya, matan da ke adashi tare, kowa ya san kowa. Akwai kuma gada: ɗan ci-rani da ke Kano ko Libiya, direban da ke zirga-zirga tsakanin Tasawa da Maradi, ɗan kasuwar da ke cikin guruf goma. Tun 1973 masanin zamantakewa Mark Granovetter ya nuna cewa sabon labari ta irin waɗannan mutanen nesa yake shigowa. Labari kuwa bakin mutum ɗaya ya ishe shi, balle in yana ɗauke da tsoro. Masu bincike na jami'ar MIT a Amurka sun auna haka a Twitter a 2018, suka tarar ƙarya na isa ga mutum 1,500 da saurin da ya ninka na gaskiya wajen sau shida.

Canza ɗabi'a kuwa wani abu ne daban, kuma nan ne masu wayar da kai ke kuskure. Mutum ba ya sa gonarsa ko lafiyar ɗansa cikin kasada don ya ji murya ɗaya daga nesa. Sai ya ga yayansa ya yi, maƙwabci ya yi, liman bai hana ba. Wani mai bincike, Damon Centola, ya gwada wannan a intanet a 2010 da mutane sama da 1,500: sabuwar ɗabi'ar kiwon lafiya ta fi bazuwa inda abokan mutum suka san juna, domin kiran yana zo masa ta baki biyu, uku.

Mu a jihar Maradi mun ga haka tun babu salula. Sassaben zamani, wato barin tohon itatuwa a gona ana yi musu gyara, wanda masanin noma Tony Rinaudo ya fara yaɗawa a 1983, ya kama ƙasa ne sa'ad da manomi ya ga gawo da kalgo tsaye a gonar maƙwabcinsa, hatsi kuma bai ragu ba. Yau ana maganar kimanin hekta miliyan 5 a Nijar.

Saboda haka, in kana son a karɓi abu mai amfani, daina watsa shi guruf ɗari. Zaɓi unguwa ɗaya, ka samu mutum uku ko huɗu da ake ganin girmansu, su fara aikatawa, su ɗauki hoton gonarsu, su yi bayani da muryarsu da Hausar gida. Maƙwabta za su biyo.

Jita-jita kuma a bakin gada ake tare ta. Duba saman saƙon: kibiya biyu na nufin ya bi hannaye da yawa, shi ya sa tun 2020 WhatsApp ba ya bari a tura irinsa sai wuri ɗaya a lokaci guda. Muryar da ba ta faɗi suna ba, ba gari, ba rana, kada ta wuce wayarka. Tambayi ma'aikacin lafiya ko ofishin magajin gari tukuna. In ta tabbata ƙarya ce, a gyara ta a guruf ɗin da ta shigo, cikin mutunci, kuma kada mai gyaran ya zama shi kaɗai. Biyu ko uku su mara masa baya.

Shugabannin guruf, ku kula da wannan: dokar laifukan intanet ta Nijar ta 2019, wadda aka tsaurara a Yunin 2024, ta tanadi ɗauri ga mai yaɗa abin da ka iya ta da hankalin jama'a. Ku sanar da mutanenku tun yau.