A Auna Kafin a Saya: Yadda Ake Gane Ciwon Sansar Gudun Inji

Gabatarwa

Kawuna mazaunin Bolori yana da mota ƙirar Golf 4, da ita yake jigilar fasinja zuwa Damaturu, da ita kuma yake ciyar da gida har da biyan kuɗin makarantata. A watan Afrilu, lokacin da zafin Maiduguri kan haura digiri 40, sai ta tsiri mutuwa a tsakiyar hanya. In ta huce kamar rabin awa sai ta tashi garau. Wani makanike ya sa aka sauya famfon mai da fulogi, kuɗi suka tafi, ciwo na nan. Wani dattijon rewaya a Titin Baga ne ya gano bakin zaren, ina tsaye ina kallo. Abin da na koya shi nake son mai karatu ya amfana da shi.

Aikin Sansar

Sansar gudun inji, wadda Volkswagen ke kira G28, tana kusa da wani faifai mai haƙora 58 da giɓin haƙora 2 da ke juyawa tare da kiranshaf. Da ita ƙwaƙwalwar mota ke sanin saurin inji da lokacin ba da wuta da mai. In ta yi shiru, mota ba ta tashi.

Matakan Bincike

1. A murza makulli a dubi allurar gudun inji. In inji na juyawa allura na kwance, a zargi sansa.
2. A sa na'urar bincike ta kwamfuta. Lambar P0322 ko P0335 na nuni ga sansar ko wayoyinta.
3. A duba soket da waya, domin zafi da baƙin mai na cin su. Sau da yawa laifin na nan.
4. In mai naɗin waya ce, a auna ta da mita. A injunan Volkswagen da dama ana son om 480 zuwa 1000. Ba a yi wa sansar Hall wannan awon, sai dai a duba ko wuta na isa gare ta.
5. A auna tana da zafi. Ta kawu da safe ta nuna lafiya, da inji ya gasu sai mita ta nuna waya ta katse a ciki.

Dattijon ya ce, "Alhaji, wannan 'yar abar ce ta wahalar da kai."

Kammalawa

Hausawa na cewa sai an san ciwo ake neman magani. Duk wanda makanike ya ce ya sayi kaya, ya fara tambaya: me aka auna, me awon ya nuna? Tun da aka sauya sansar, motar kawu ba ta sake tsayawa a hanyar Damaturu ba.