Daga Ƙofar Ran, Ta Ina Zan Shiga Binciken Teku?

Tambaya: A Ƙofar Ran nake zaune, na gama digirin farko a kimiyyar sinadarai. Ina sha'awar aikin auna iskar kabon da teku ke zuƙa, amma kowa sai ya ce mini ina ruwan ɗan Bauchi da teku. Ta ina zan faro?

Amsa: Ƙanena, ruwanka ne ƙwarai. Hazon da ke lulluɓe Bauchi da hunturu, kaso mai yawa daga kwarin Bodele na Chadi yake tasowa, kuma ba a nan yake yada zango ba. Wucewa yake yi ya zuba a Tekun Atlantika ɗauke da sinadarin ƙarfe. Ƙananan tsirran ruwa da ido ba ya gani su samu taki, su yaɗu, su ja kabon daga iska. Teku na shanye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kabon da ɗan Adam ke fitarwa kowace shekara. To, ƙurar nan ita ce ƙofarka.

Kada ka tsaya jiran jirgin ruwa. Babu cibiyar da ta isa ta auna teku ita kaɗai, shi ya sa masu aikin ke tara awonsu wuri guda. Rumbun SOCAT, wanda aka fara fitarwa a 2011, ya ƙunshi miliyoyin awo daga jirage da na'urorin da aka girke a kan ruwa, kuma kyauta ne a intanet. Shirin PIRATA na Faransa da Amurka da Brazil yana da irin waɗannan na'urori a Atlantika tun 1997. Ta ɓangaren ƙura kuwa, akwai tashar AERONET a Jami'ar Ilori. Sauko da bayanan, ka koyi Python ko R, ka ɗauki tambaya ƙarama guda: me ke sauyawa a ruwan gaɓar Afirka ta Yamma a watannin da hazo ya yi kauri? Shafi biyu masu ɗauke da zanen da ka yi da hannunka sun fi doguwar wasiƙar roƙo tasiri.

Da su za ka ƙwanƙwasa ƙofa, ta hannun malaminka. Akwai cibiyar binciken teku ta ƙasa, NIOMR, a Legas. Akwai kuma shirin WASCAL da Jamus ke tallafawa, mai ba da digiri na biyu kan sauyin yanayi da kimiyyar teku a Mindelo ta ƙasar Cape Verde, inda ɗalibai ke aiki tare da cibiyar GEOMAR ta birnin Kiel. Ka riƙa bibiyar sanarwarsu.

Abin da ya fi damuna shi ne ranar da aka amsa maka. Kafin ka tattara ƙura ko cokali guda, a rubuta yarjejeniya: wa ke da bayanan, sunan wa zai hau kan maƙalar, wa zai gyara na'ura in ta lalace, wa zai riƙa daidaita ta. Ba ɗan dako kake son zama ba. Ka kuma tanadi sola da batir, domin awon da wuta ta katse shi a tsakiyar hunturu da wuya wani masani ya dogara da shi.

Ka buɗe SOCAT a makon nan, ka kai wa malaminka zanenka na farko kafin hazon bana ya sauka.