Darasi na 17: Takwas Guda Takwas

Briqueterie tsohuwar unguwa ce a birnin Yawunde, babban birnin ƙasar Kamaru. Ma'anar sunan da Faransanci shi ne wurin da ake yin tubali. Hausawa da yawa suna zaune a can. Akwai teloli da masu sayar da yadi, kuma da yamma ƙanshin tsire yakan cika hanya.

A wannan unguwa akwai wani ɗan tela, shi ne autan gidansu. Yana aji shida, wato CM2, kuma jarrabawar CEP ta kusa. Auta ya iya karatu, amma lissafi yana ba shi wahala, domin cinta yake yi maimakon tunani. Babansa ya ce idan ya faɗi, sai dai ya zo shago ya koyi ɗinki.

Wata rana Malam ya rubuta 8 guda takwas a kan allo. Ya ce, "Yara, ku mayar mini da waɗannan su zama 1000. Alamar tarawa kaɗai na yarda ku sa. Kuna iya jera lamba kusa da 'yar'uwarta, kamar 88. Kada ku bar ko ɗaya, kada ku ƙara ko ɗaya."

Da Auta ya koma gida, sai ya tara su ɗaya bayan ɗaya, ya sami 64. Ya gwada 88 sau huɗu, ya sami 352. Ya cika shafi biyu, har ya fara cizon fensir. Yayarsa tana zaune tana ɗinka maɓalli, sai ta ɗaga kai.

Ta ce, "Auta, da wace lamba dubu ta ƙare?"

Ya ce, "Da sifiri, Yaya."

"To, 8 da 88 da 888 fa?"

"Duk da takwas suka ƙare."

"Takwas nawa za ka tara kafin ka ga sifiri a ƙarshe?"

Auta ya karanto: 8, 16, 24, 32, 40. Sai ya tsaya. Takwas biyar ne suke ba da 40. Na gaba mai ƙarewa da sifiri shi ne 80, amma wannan sai da takwas goma, shi kuwa takwas kawai aka ba shi. Ashe dole ne ya raba lambobin kashi biyar, ba huɗu ba, ba shida ba.

Daga nan hanya ta buɗe. Ya gwada kashi biyar ba tare da 888 ba, ya ga bai wuce 280 ba. Ke nan sai da 888. Ya ɗebe 888 daga 1000, saura 112. Takwas biyar suka rage masa, kuma kashi huɗu ake nema. Ya rubuta 88 da 8 da 8 da 8, suka ba shi 112 daidai.

888 + 88 + 8 + 8 + 8 = 1000

Washegari Malam ya sa shi ya jera su a kan allo, gida ƙarƙashin gida. A gidan ɗaya-ɗaya (unités) takwas biyar sun yi 40, ya rubuta 0 ya riƙe 4. A gidan goma-goma (dizaines) takwas biyu sun yi 16, da 4 sun zama 20, ya rubuta 0 ya riƙe 2. A gidan ɗari-ɗari (centaines) 8 da 2 sun yi 10. Yara suka tafa masa.

Malam ya ce, "Ku dubi 888 da kyau. Kamarsu ɗaya, amma na farko 800 ne, na tsakiya 80, na ƙarshe 8. Gidan da lamba ta zauna shi ke ba ta daraja."

Ya gaya musu cewa daga Indiya wannan hanyar rubuta lambobi ta fito. Wani masani mai suna al-Khwarizmi ya rubuta littafi a kanta a Bagadaza, fiye da shekara 1,100 da suka wuce. Daga kalmar Larabci sifr aka sami sifiri a Hausa, aka kuma sami chiffre da zéro a Faransanci.

Wani yaro ɗan Etoudi, unguwar da fadar shugaban ƙasa take, ya tambaya ko akwai wani wasan irin wannan. Malam ya ce akwai na 4 guda huɗu, wanda wata mujalla mai suna Knowledge ta buga a Landan a 1881. A nan an yarda a yi tarawa, ɗebewa, ninkawa da rabawa. Ya ba su misali biyu: 44 ÷ 44 = 1, da (4 + 4 + 4) ÷ 4 = 3. Abin da ke cikin baka biyu shi ake fara yi.

Kafin a buga ƙararrawa, Auta ya riga ya sami 7.

Aiki

1. Me ya sa Auta ya raba lambobin kashi biyar?
2. Nemo 0, 2, 7 da 10 da 4 guda huɗu.
3. Da 5 guda uku da alamar tarawa ɗaya, samo 60.
4. Mece ce darajar 8 na tsakiya a cikin 888? Rubuta amsar da Hausa da Faransanci.