Amsoshin Tambayoyinku: i7 tsohuwa ko i3 sabuwa?

Wani mai shagon buga takardu daga Baure ya tambaya: wace kwamfutar tebur zai saya, mai i7 ta gwanjo ko mai i3 sabuwa?

To Malam, kada lambar ta ruɗe ka. Shekarar ƙira za ka duba. Core i7-3770 ta Intel ta fito a 2012, ana ƙiyasta zafinta wat 77. Core i3-12100 ta 2022 wat 60 ce, kuma ta fi waccan sauri nesa ba kusa ba, duk da cewa dukansu ƙwaƙwalwa huɗu gare su. Kai da ke haɗawa da sola ko janareta in wutar KEDCO ta ɗauke, ga zafin bazara a ƙasar Daura, wannan bambancin kuɗi ne.

Wani abin kuma, Windows 11 ba ta karɓar Intel da ta gaza zubi na takwas, irin waccan i7 ɗin, Microsoft kuwa ta janye tallafin Windows 10 a Oktoban 2025. In aljihu ya yi nauyi, Ryzen 5 5600G ta AMD ma ta wadatar; wat 65 ce, ba ta buƙatar katin hoto daban.