Tsohon Agogon da Ya Fi Ƙarfin Aljihu: Yadda Za Ka Yi

Masu sha'awar agogon hannu kan kawo mini koke iri ɗaya. Mutum ya ƙyalla ido ya ga tsohon Rolex ko Omega na shekarun 1960, ransa ya biya, amma da ya ji farashi sai gwiwarsa ta yi sanyi. Sai ya tambaya: me ya sa abin da ya tsufa ya fi sabo tsada, kuma ina mafita ga mai ƙaramin ƙarfi?

Mu fara da dalilin tsadar. A watan Disamba na 1969 kamfanin Seiko na Japan ya fitar da Astron, agogon hannu na farko na quartz, mai aiki da batir, da aka kai kasuwa. Cikin 'yan shekaru agogon batir ya yi araha, ga shi ya fi agogon wani, wato wanda ake murɗawa, kiyaye lokaci. Masana'antun Suwizalan da dama suka durƙushe, ma'aikatan wannan sana'a a ƙasar suka ragu daga kusan 90,000 a 1970 zuwa kimanin 30,000 a shekarun 1980. A wancan lokaci mutane sun yi watsi da agogon wani, wasu suka lalace, wasu aka wargaza su don kayan gyara. Waɗanda suka tsira da lafiyarsu kaɗan ne, kuma ba za a ƙara ƙera su ba, alhali masu nema kullum ƙaruwa suke yi.

Dalili na biyu shi ne labarin da ke tattare da kayan. A watan Oktoba na 2017 an yi gwanjon Rolex Daytona na ɗan fim ɗin Amurka Paul Newman a birnin New York, aka saye shi dala miliyan 17.8. Injinsa bai bambanta da na 'yan'uwansa ba. Sunan wanda ya ɗaura shi aka biya. Irin wannan ciniki kan ja farashin duk agogon da ya yi kama da shi sama.

To, a nan haɗarin yake. Idan kaya ya yi suna, 'yan damfara ba sa barinsa. Akwai jabu tsantsa, akwai kuma wanda ya fi shi wuyar ganewa: agogon da aka harhaɗa, fuska daga nan, inji daga can, murfi daga wani. A 2021 an sayar da wani Omega Speedmaster na 1957 a gwanjon Janiba kan fiye da faran miliyan 3 na Suwizalan, kuma kamfanin Omega da kansa ne ya saya don gidan tarihinsa. A 2023 kamfanin ya bayyana cewa harhaɗa agogon aka yi. Idan har an iya rufe idon masu ƙera shi, ina ga wanda ya ga hoto kawai a WhatsApp? Duk wanda ya kawo maka tsohon Rolex a kuɗin sabuwar waya, ka tuna araha ba ta ado.

Shawarata ta farko ita ce ka tambayi kanka abin da kake so tsakani da Allah. Idan aikin injin ne da kyan ƙirar zamanin da, ba sai ka sayar da fili ba. Seiko 5, wanda aka fara ƙerawa a 1963, otomatik ne mai juriya, an yi shi da yawa, kayan gyaransa ba sa wuya. Tsofaffin Citizen da Orient ma haka. Rado, wanda iyayenmu suka yi yayinsa, har yanzu yana nan a hannun jama'a. Ko a gidan Omega, Seamaster na ƙarfe na yau da kullum bai kama ƙafar Speedmaster a tsada ba.

Na biyu, kada ka biya kafin mai gyaran agogo da ka yarda da shi ya buɗe murfin baya a gabanka. A duba ko sunan da ke jikin inji ya dace da na fuska, a ga ko akwai tsatsa. Fuskar da ta yi sabunta fiye da shekarunta abar tuhuma ce, domin sake fenti yana karya darajar agogo ƙwarai. Ka kuma ware kuɗin wanki da mai, don agogon wani yana buƙatar haka bayan 'yan shekaru. Kada ka shiga ruwa da shi, ko da an rubuta a jikinsa cewa ba ya shan ruwa, saboda robar da ke tare ruwan ta daɗe da bushewa. Wasu agogunan da aka yi kafin shekarun 1960 an shafa wa lambobinsu sinadarin radiyam don su yi haske da dare, kuma yana da illa ga lafiya, don haka kada ka kankare fuskarsu da kanka.

Na uku, kada ka ci bashi da sunan zuba jari. Farashin manyan agogunan hannu na biyu ya kai ƙololuwa a farkon 2022, daga nan ya yi ta sauka, waɗanda suka saya a lokacin suka tafka asara.

Na huɗu, ka duba gida. Akwatin mahaifi ko na kaka na iya ɓoye abin da kake nema a waje. In ka samu, kada ka bari a goge shi da inji ko a canja masa fuska, ka kuma adana kwali da rasit in suna nan. In kayan gado ne, a nemi masani ya kimanta shi kafin rabo, don kada a ci haƙƙin wani magaji cikin rashin sani.

Mai karatu, ka sayi abin da aljihunka zai ɗauka, bayan ka san abin da kake saye. Seiko na gaskiya ya fi Rolex na jabu daraja ko a ina.