Ra'o'in Masana Kan Musabbabin Taɓin Hankali

1.0 Gabatarwa

Bahaushe yana da kalmomi da dama da yake kiran ciwon da ke shafar tunani da ɗabi'ar mutum, kamar hauka da taɓin hankali da zaucewa, kuma a al'adance yakan danganta shi da iska ko sammu ko gado. Wannan darasi zai duba manyan ra'o'i biyu da masanan zamani suka kafa a kan musabbabinsa. Sanin su ya zama wajibi, domin abin da dangi suka ɗauka shi ne sanadi, shi ke nuna inda za a kai majinyaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019, mutum 1 cikin 8 yana fama da wani nau'i na wannan ciwo.

2.0 Ra'in Halittar Jiki

Masu wannan ra'i suna ganin taɓin hankali cuta ce ta ƙwaƙwalwa, kamar yadda hanta ko ƙoda kan kamu. Hujjojinsu sun haɗa da:

i. Ƙwayar cuta: A shekarar 1913, Hideyo Noguchi ya gano ƙwayar cutar tunjere a ƙwaƙwalwar mutanen da suka mutu da wani irin hauka mai haɗe da shanyewar jiki.

ii. Sinadarai: A shekarar 1952, likitoci a Faris suka ga maganin kuloforomazin yana kwantar da masu jin muryoyin da babu su. Daga baya aka fahimci yana rage aikin dofamin, wato sinadarin da ke isar da saƙo tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa.

iii. Gado: Ciwon rikicewar tunani da ake kira sikizofireniya yakan kama kusan mutum 1 cikin 100. Amma idan ɗaya daga tagwayen da suka fito daga ƙwai guda ya kamu, yiwuwar ɗan'uwansa ya kamu tana tsakanin kashi 30 da 50 cikin 100.

Hujja ta uku ita ce kuma ta nuna raunin ra'in. Da gado kaɗai ne sanadi, da babu ɗan tagwayen da zai tsira, tun da ƙwayoyin gadonsu iri ɗaya ne.

3.0 Ra'in Halayyar Ɗan'adam

Wannan ra'i ya karkata ga abin da mutum ya gani a rayuwa da yadda ya fassara shi. Yana da rassa uku:

i. Sigmund Freud (1856-1939), likita a ƙasar Ostiriya, ya danganta ciwon da buƙatu da tsoron da mutum ya danne tun yana yaro, waɗanda kan bayyana a wata kama bayan ya girma. An soki wannan ra'ayi da cewa yana da wuyar tabbatarwa ta hanyar gwaji.

ii. John Watson da Rosalie Rayner sun nuna a 1920 cewa tsoro koyonsa ake yi. Sun riƙa buga ƙarfe da ƙarfi duk lokacin da wani jariri ya taɓa farin ɓera, har ya kai ganin ɓeran kaɗai yana sa shi kuka.

iii. Aaron Beck (1921-2021) ya bayyana cewa mai ciwon tsananin damuwa yakan saba da mummunan zato game da kansa da duniyarsa da gobensa, kuma gyara wannan tunani magani ne.

4.0 Kammalawa

A shekarar 1977, George Engel na Amurka ya kawo shawarar a haɗa jiki da tunani da zamantakewa wajen fahimtar cuta. Ke nan mutum yana iya gadon rauni, amma sai wata musiba, kamar rashin masoyi ko shan miyagun ƙwayoyi, ta tayar da shi. Tun 1954, Thomas Adeoye Lambo ya bi irin wannan tafarki a Aro da ke Abeokuta, inda majinyata ke karɓar maganin asibiti suna zaune cikin ƙauye tare da danginsu. Saboda haka, malamin da ya ga ɗalibinsa ya sauya hali, abin da ya kamace shi shi ne ya sanar da iyaye, a kai shi ga likita da wuri, ba duka ko gori ba.

Auna Fahimta

1. Kawo hujjoji uku na ra'in halittar jiki.
2. Me binciken tagwaye ya tabbatar, me kuma ya kasa tabbatarwa?